Allurar Bindiga ta Bakwai

Duk wanda ya san Malam Nu'uman a Kasuwar Sabon Gari, da gyaran keken ɗinki ya san shi. Rumfarsa tana can layin masu zare, 'yar matsattsiya, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Telolin Fagge kan ɗauko kan keke a adaidaita sahu su dire masa, ya murza sau biyu, ya kara kunne, ya ce ga inda ciwon yake. Amma da za ka tsare shi ka ce, Malam, wane ƙarfe ne ya fi hana ka sukuni a duniya, ba zai ambaci keke ba. Wani ɗan siririn ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, yana cikin wata tsohuwar bindiga, bindigar ma ba tasa ba ce.

Kakansa daga Barno ya zo da fataucin kanwa, ya sauka a Fagge da niyyar yin wata biyu, ya mutu a nan bayan shekara arba'in. A gidan aka haifi Nu'uman, a gidan yake har yau. Yana da shekara ashirin da huɗu wani ma'aikacin jirgin ƙasa ya zo rumfar da yake koyon aiki, ya ce ana neman mai hannun gyara a kulob ɗinsu, wani sukurun bindiga ya cije. Kulob ɗin na 'yan wasan harbin saiti ne, can bayan tashar jirgin ƙasa: dogon fili mai katanga, tarin yashi a ƙarshensa, sai ɗakin ajiya mai ƙofar ƙarfe. Wasan kuwa, mutum ya kwanta rub da ciki, ya auna wani baƙin ɗigo a takarda daga nisan mita hamsin, ya yi ta ƙoƙarin zura harsashi a rami ɗaya. Da Nu'uman ya kwance sukurun, sai aka ce to gwada mana, lada ke nan. Ya kwanta ya harba biyar. Da aka kawo takardar, kwabo ɗaya zai rufe ramukan duka. Daga ranar ya kamu, kamuwar da bai warke ba.

A lokacin bindigogi bakwai ne a kulob ɗin, duk ƙanana masu siririn harsashi, kuma duk ciwonsu ɗaya. Harsashin babbar bindiga a tsakiyar gindinsa ake bugunsa. Na waɗannan kuwa a gefe ne, a kan ɗan leɓen da ya zagaye gindin. In aka danna kunama, wani ƙarfe mai tsini ya zabura ya matse leɓen a jikin bakin ramin da harsashi ke zama, wuta ta tashi. Nu'uman allura yake kiran wannan ƙarfe, da yake bakinsa ya saba da keke, har kowa ya ɗauka. In da harsashi a ciki, tagulla mai laushi ce ke shan bugun. In babu, sai allurar ta je ta gwabza da ƙarfen bindigar kanta. Yau ta gwabza, gobe ta gwabza, wata rana tsinin ya ɓalle, shi ke nan bindiga ta zama sanda.

Haka shida suka tafi, yana kallo, saura ta bakwai kaɗai. Mutane su ɗauki bindiga ba harsashi su yi ta ƙas, ƙas, wai suna motsa yatsa. Ya yi magana har ya gaji. To wa zai saurari mai gyaran keke a gaban manyan ma'aikata? Kamfanin da ya ƙera su ya daɗe da rufewa, babu inda za a samo sabuwar allura. Manyan suka yi ritaya, wasu suka rasu, ƙasa ta rikice, samun izinin harsashi ya zama sai an yi da gaske. Shekara takan zagayo kwali biyu kawai aka gani. Shi kansa Nu'uman sau biyu ana sa sunansa cikin masu zuwa gasa: na farko aka ɗage ba a sake magana ba, na biyu ya zo daidai da jinyar mahaifinsa. Kafin na uku idonsa ya fara ganin ɗigon ya zama biyu. Matarsa Zaituna takan ce ita dai ba ta taɓa ganin maharbin da ko zabuwa bai taɓa shigowa da ita gida ba. Ya yi dariya, amma abin yana ci masa rai.

Sai Allah ya kawo Jawahir, 'yar ƙaninsa marigayi, malamar lissafi a wata makarantar 'yan mata a Sabon Gari. Da girmanta ta fara, tana da shekara ashirin da biyu, ta raka shi kulob wata Asabar don kawai ta ga abin da ke ɗauke Baffa daga gida. Ya ba ta harsashi uku. Da ya ga takardar, sai ya koma gefe ya zauna a kan bulo yana ta kallonta.

Shekara tara suka yi suna harbin iska. Ba zolaya ba ce, haka ake koyon wasan in babu harsashi: a kwanta, a saita, a riƙe numfashi, a danna kunama a hankali, bindiga ta ce ƙas, a sake. Sai dai Nu'uman bai taɓa barin allura ta faɗa a kan rami fanko ba. Yana da gwangwanin madara cike da kwanson harsasan da aka riga aka harba. Sai ya zura ɗaya a ramin, ya juya shi da farce yadda allura za ta sauka a wurin da ba ta taɓa bugu ba. Jawahir ta danna, ya buɗe sakatar bindigar, wato ƙarfen da ke rufe ramin, allurar na cikinsa, a hankali don kada kwanson ya yi tsalle, ya ɗan juya shi, ya rufe. Kwanso ɗaya yakan sha bugu takwas kafin leɓensa ya cika da lotsawa, sai a jefa shi a wani gwangwanin. Haka zai durƙusa kusa da ita tun daga la'asar har rana ta yi ja, gwiwa na ciwo, jirgin kaya na ta huci a bayan katanga. Ko sau ɗaya bai ce yau dai bari a yi babu kwanso ba.

Shi ya sa ranar da ya sa gilashin masu gyaran agogo a ido ya leƙa bakin ramin, ya ga 'yar lotsawa sabuwa fil tana sheƙi, sai da gabansa ya faɗi. Wannan tabon allura ne, ba tantama. Wani yana danna kunama babu komai a ciki.

Ya juyo kan Jawahir. "Ke, in na tafi alwala me kike yi da bindigar nan?"

"Ajiye ta nake, Baffa."

"Ajiye ta kike, ita ta ciji kanta ke nan?"

Ta dube shi, idonta ya ciko. "Shekara nawa muna tare, ka taɓa ganin na danna ba ka ce in danna ba?"

Bai taɓa gani ba, ya kuma san bai taɓa gani ba. Amma tsoro ya riga ya rufe masa ido, ya faɗa mata maganganun da bai kamata ba. Sati biyu ba ta zo ba. Sai da Zaituna ta je har gidanta ta ba ta baki sannan ta dawo, ta gaishe shi a ladabce, ta shimfiɗa tabarmarta ta kwanta. Ba su sake tada zancen ba, tabon kuwa bai fasa ƙaruwa ba.

Ruwan sama ne ya tona asirin. Mai riƙe da makullin ɗakin ajiya wani dattijo ne, Cyprian, tsohon soja da ya yi ritaya ya zauna a Sabon Gari, kowa Baba Saje yake ce masa. Shekarunsa sun haura saba'in. Da ba don shi ba da tuni an rufe kulob ɗin, shi ne hukuma ta yarda da shi, shi ke zuwa kullum ko da mutum ɗaya ne zai zo. Yadda aka saba, in an tashi Nu'uman ya miƙa masa bindiga a bakin ƙofa ya juya ya nufi titi. Ran nan ruwa ya tsare shi a ƙarƙashin rumfar ƙofar. Yana tsaye ya ji an ja sakatar bindigar a ciki, an mayar, sai kuma ƙas.

Ya banka ƙofar. "Baba Saje! Me ka yi yanzu?"

Dattijon ya ɗago a natse. "Na tabbatar babu komai a ciki."

"Kullum haka kake yi?"

"Tun ranar da aka ba ni makullin nan. Shekara goma sha ɗaya."

Nu'uman ya dafa bango. Shekara goma sha ɗaya! Shi yana waje yana lallaɓa kwanso da farce kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, a bayan ƙofa kuwa ana yi wa allurar bugu ɗaya tsirara duk yamma. Ya so ya yi ihu, to wa zai yi wa? Ya zauna ya yi wa dattijon bayani tiryan-tiryan, har da zane a ƙasa.

Baba Saje ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Malam Nu'uman, na ji. Amma bari in gaya maka. Ina ƙaramin soja, abokina Chidiebere yana zaune a bakin gado yana ɗaure takalmi. Wani ya shigo da bindiga, ya rantse babu komai a ciki. Ni na wanke jinin daga bango. Tun ranar bindiga ba ta shiga ɗakina sai na juya bakinta ƙasa na ji ta ce ƙas. Haka aka koya mana, kuma bindigoginmu ba su taɓa lalacewa don wannan ba."

Gaskiya ya faɗa, bindigar soja ba ruwanta. Abin da ya fi ɓata rai ke nan, babu mugu a cikin maganar. Nu'uman ya ce to a bar kwanso a ciki in za a ajiye. Baba ya ce ko a mafarki, doka ta ce rami fanko. Ya ce to ya tafi da sakatar gida. Baba ya ce babu abin da zai fita daga ɗakin nan, kuma in aka tare adaidaita aka sami ƙarfen bindiga a aljihun mutum, wa zai tsaya jin labarin wasa? A bar sakatar a buɗe kuwa, shi Nu'uman ɗin ne ya ƙi, don sifirin da ke tura allurar zai kwana a ɗame har ya saki. Ƙarshe ya nuna masa wata dabara: a leƙa ramin da ido, a sa yatsa a taɓa, sannan a riƙe kunamar a danne tun kafin a rufe sakata, a sauke ta a hankali. Haka allura za ta kwanta ba tare da ta bugi komai ba. Baba ya gwada sau uku, ya ce wannan ai mai sauƙi ne, ya yi alkawari.

Da zuciya ɗaya ya yi alkawarin, hannunsa ne bai yi ba. Hannun da ya shekara hamsin yana abu ɗaya ba ya jiran izinin mai shi. Nu'uman ya koma raka bindigar har cikin ɗaki, yana tsaye yana cewa, a hankali Baba, a hankali. Kwana huɗu a yi daidai, rana ta biyar wani ya yi sallama ko waya ta yi ƙara, kafin ka ce me, ƙas. Sai dattijon ya dafe kai ya ce, "Kai! Yi haƙuri, Malam." Ya za ka yi da mutumin da ya girme ka, yana ba ka haƙuri idonsa na ƙasa? Sai ka ce ba komai, alhali da komai.

Ana cikin haka takarda ta zo. Masu zaɓen 'yan wasan ƙasa za su zo Kano, a filin kulob ɗin za a yi gwaji, harbi sittin kowa, mata huɗu za a ɗauka. Jawahir ta karanta ta ninke. "Baffa, wannan ne na ƙarshe. Shekarata talatin da ɗaya, ga yara biyu, ga makaranta. In ban shiga ba na haƙura." Bai yi mata gardama ba, don ya san yadda ido yake yi wa mutum.

Saura sati uku ya kwance sakatar ya duba allurar da gilashi. A gindin tsinin ya ga wani layi siriri kamar gashi. Ta tsage. Ya koma rumfa ya ture kekunan mutane gefe, ya yanko ƙarfe daga sandar allurar wani tsohon keke, ya yi kwana uku yana goga da magagari, ya ƙona ya tsoma a mai. Ta farko ta yi taushi, bugu biyu ta lanƙwashe. Ta biyu ta yi tsauri, bugun farko ta tarwatse. Ta uku ko shiga ba ta yi daidai ba. Teloli suna ta zarya suna mita, shi kuwa ya zauna ya zuba wa guntayen ido. Shekara arba'in yana gyara wa mutane ƙarfe, ga ɗaya tak da yake so don kansa ya gagare shi. Ya mayar da tsohuwar a wurinta da bismillah.

Daga nan ya hana danna kunama sam, ko da kwanso. Jawahir ta kwanta ta saita, ta matsa yatsa a kan kunamar da ba a ɗana ba. Fito da bindigar ma ya mayar sau biyu a sati, don duk fitowa akwai mayarwa, duk mayarwa akwai hannun Baba Saje. Sau biyar aka mayar lafiya. Na shida, saura kwana huɗu, makulli ya suɓuce daga aljihun dattijon ya faɗi, hankalinsa ya rabu, yatsa ya yi abin da ya saba. Nu'uman bai ko buɗe sakatar ya duba ba. Ya san in ya gani ba abin da zai iya, gara kada ya gani.

Ranar gwaji mata goma sha biyu suka jeru a kan tabarmi da hantsi, wasu daga nesa suka zo da bindigoginsu masu kyalli. Baba Saje yana can bakin ƙofar waje yana hana 'yan kallo shigowa. Nu'uman ya tsaya bayan igiya da 'yar tabarau mai hangen nesa. Jawahir ta fara. Duk harbi sai ya ji shi a haƙoransa. Goma, ashirin, talatin, ramukan suna ta hawa kan juna a tsakiyar ɗigon, har ɗaya daga cikin alƙalan ya zo ya tsaya a bayanta yana gyaɗa kai. Nu'uman ya fara yarda. Wannan ne kuskurensa na ranar, da bai bari zuciyarsa ta sa rai ba.

A na talatin da tara bindiga ta ce ƙas.

Jawahir ba ta motsa ba, ta jira yadda aka koya mata, sannan ta ɗaga hannu. Alƙali ya ba da izini, Nu'uman ya tsallaka igiya ya durƙusa. Ya zaro harsashin, leɓensa sumul, ko ƙwarzane babu. Ya girgiza sakatar a tafin hannunsa, wani ɗan ƙarfe kamar ƙwayar gero ya faɗo. Aka ce yana da minti goma sha biyar ya gyara. Ya ce a bar su kawai.

Wata mai suna Adaugo, da ta zo daga kudu ta riga ta gama nata, ta miƙo bindigarta ba a ko roƙe ta ba, Allah ya saka mata. Sai dai bindigar ta yi wa Jawahir tsawo, kunamarta kuma ko numfashi ka yi sai ta tashi, ga lokaci ya ƙure. Harbi ashirin da biyun da suka rage suka watsu a takarda. Da aka kafe sakamako ta zo ta tara. Ta naɗe tabarmarta, ta gyara mayafi, ta zo gabansa ta rusuna.

"Baffa, na gode. Allah ya saka da alheri."

Ya buɗe baki zai ce mata ta yafe masa zargin da ya yi mata, bai kai ga furtawa ba ta miƙe. Ta fita ta tari adaidaita, ta tafi ɗauko yaranta.

Ya daɗe zaune a kan bulo har fili ya watse. Sannan ya goge bindigar da tsumma da mai kamar kullum, ya mayar da sakatar, ya ɗauka ya nufi ɗakin ajiya. Baba Saje ya rufe ƙofar waje ya biyo shi yana ɗingishi. Ya ji dai yarinyar ba ta shiga ba, bai san dalili ba, ya yi ta cewa sai haƙuri, wata shekarar da rabo. Ya karɓi bindigar, ya juya bakinta ƙasa, ya ja sakata, ya leƙa, ya sa yatsa ya taɓa ramin. Sai ya tsaya, ya ja dogon numfashi. Ya danne kunamar tukuna, ya tura sakatar sannu a hankali, ya sauke ta, ko motsi ba a ji ba. Ya ɗago fuskarsa cike da murna.

"Ka gani, Malam? Ba ka ce komai ba, da kaina na tuna. Yanzu kam ya zauna a hannuna."

Guntun tsinin yana cikin aljihun Nu'uman, a ƙulle a gefen hankici. Ya dubi dattijon, ya dubi bindigar.

"Na gani, Baba," ya ce. "Na gode."